Muryata ta sayar da bijimin aminin gidanmu

Hajiya Tasalla, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na shiga wani hali da na rasa ta inda zan ɓullo. Ki yi haƙuri da tsawon rubutun nan, ni dillali ne, bakinmu bai iya gajeriyar magana ba. Sunayen da za ki gani duk na canza su, ko da yake wanda ke shiga karar shanu a Parakou zai gane ni tun bai kai rabi ba.

Ni haifaffen Zongo ne. Mahaifina, wanda zan kira Alhaji Muntari, dillalin shanu ne kuma mai masauki. Fulani daga dajin Borgou har zuwa gefen Djougou, in sun koro shanu, gidanmu suke sauka. Baƙo na shigowa, abu na farko da zai yi shi ne ya jingine sandarsa a kusurwar zaure. In ya yi haka, to ya iso gida, cinsa da barcinsa da dukiyarsa sun koma wuyanmu har ya tafi. Ina yaro akwai ranakun da sanduna ke cika kusurwar nan har sai an jera wasu a ƙasa.

Sai na yi miki bayanin wani abu na sana'armu, in ba haka ba ba za ki gane inda na faɗa ba. A kara, yabon dillali ba a bakin komai yake ba, kowa ya san haka. Ni da kaina na sha tsayawa kan saniyar da ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa ina cewa ta ci kiwo, mai saye yana dariya, ni ma ina yi. Abin da ke ɗaure dillali igiya ce. In an yi tayi, an ce albarka, an ƙara, an sallama, mai dabba zai miƙo mini igiyar, ni kuma in miƙa wa mai saye da hannuna. Daga lokacin nan na tsaya a kai: na san mai ita, na duba kunne, na buɗe baki, in ta fito ta sata ce ni za a kama. Saboda wannan ake ba mu la'ada. Mahaifina bai taɓa karɓar igiyar dabbar da bai san garken da ta fito ba, ni ma haka na tashi.

Bayan rasuwarsa, mutanenmu na daji suka riƙa kirana a waya suna tambayar yadda kasuwa ta ci. Wannan ya kira, wancan ya kira, magana ɗaya nake ta maimaitawa. Sai na ce bari in haɗa su wuri ɗaya. Na buɗe guruf a WhatsApp, na sa masa suna Gidan Alhaji Muntari, da niyyar ladan ya kai gare shi. Kowace ranar kasuwa in aika vokal, wato saƙon murya, da Hausa, in sake da Fulatanci, tunda yawancinsu ba sa karatu: ga yadda bijimai suka tashi, ga yadda karsana ta sauka, ga hanyar da ruwa ya cinye kada kamiyo, wato babbar mota, ya bi, ga ranar da likitan dabbobi zai zo allura. Ban nemi ko sisi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, na ji daɗin abin, har kaina ya ɗan kumbura. Mutane suka yi ta shigowa, mahauta, fatake, direbobi, har waɗanda ban taɓa gani ba daga Malanville da Cotonou. Wata rana na hau zem, ina gaya wa mai babur inda zai kai ni, sai ya waiwayo ya ce ya san muryar nan, ya ƙi karɓar kuɗina. Na dawo gida ina ba matata Lubabatu labari, ta ce to madalla, in kawo muryar ta zuba a tukunya.

A hankali abin ya juya mini. Tunda kowa ya san farashi daga bakina, kuma mai shanu da mai saye suna wuri ɗaya, me za a yi da ni? Makiyayi zai ɗauki bidiyon sansa a bakin ruga ya saka. Mahauci yana zaune a rumfarsa zai gani, su yi magana ta gefe, ya tura kuɗi ta waya, mota ta je ta ɗauko. Dabbar ba ta taka kara ba, ba ta kwana a bayan gidanmu ba, igiyarta ba ta bi ta hannun kowa ba. La'ada ta yi ta raguwa har ta zama sai ran da aka dace. Zaurenmu yanzu awakin maƙwabta ne ke shan inuwa a ciki.

Abin mamaki, aiki bai taɓa yi mini yawa kamar yanzu ba. Tun daga sallar asuba waya ke kuka. Ni ne mai raba faɗa, ni ne mai goge tallan maganin basir da hotunan siyasa, ni ake tambaya ko gadar kaza ta gyaru. In na makara da vokal, sai saƙonni su yi ta shigowa ana tambaya ko lafiya, wasu har da ƙorafi, kamar albashi suke biyana. Forfen, wato kuɗin data, da nake sa wa wayar ma, sau da yawa daga cinikin Lubabatu yake fitowa, ita da ke soya wagashi, wato cukun Fulani, da doya a bakin titin Titirou. Tana ce mini gidan rediyon da ba ya karɓar talla. Ina dariya, amma abin yana ci mini rai, domin namiji ya kai shekaruna yana miƙa wa matarsa hannu don ya yi wa duniya aikin kyauta, akwai kunya.

Na taɓa gwada neman mafita. Na ce duk wanda ya yi ciniki ta guruf ya ɗan tuna da ni da abin da ya sawwaƙa. Kafin rana ta faɗi wani ya buɗe nasa guruf ɗin, yana kwasar vokal ɗina yana turawa can, ana cewa ɗan Alhaji yana son ya sayar da sadakar ubansa. Maganar ta soke ni, na janye, na ba da haƙuri. Su kuma abokan sana'ata dillalai, in na iso inuwar da muke zama sai hira ta mutu. Suna ganin ni na buɗe wa kowa rumbunmu, kuma ban da bakin musu.

Duk wannan da na jure. Abin da ya sa na rubuto miki ya faru ne bayan damina. Wata lamba da ban sani ba ta saka a guruf bidiyon wani farin bijimi mai babban tozo, an ɗauke shi ta gefe ɗaya, kansa a juye. Ina cikin kara a lokacin, rana ta haske gilashin wayar, na kalla sama-sama. Sai bakin dillali ya yi abin da ya saba. Na danna vokal na ce masha Allahu, wannan bijimi ya ci kiwo, wanda ya same shi ya more. Na mayar da waya aljihu, na manta.

Ashe mai lambar ya ɗauki muryata ya haɗa da bidiyon ya tura wa Habou, wani mahauci a Djougou, ɗan guruf ɗin, da muka daɗe muna hulɗa. Habou ya ji ni, ya saya, aka kawo masa, ya yanka. Bayan kwanaki wani Bafulatani ya ga ƙirgin a shanye, ya gane shi. Bijimin Djibrilla ne, an sace shi daga rugarsu ta wajen Bariénou. Lambar nan kuwa tun ranar a kashe take.

Hajiya, Djibrilla ba baƙo ba ne a wurina. Ubansa a zauren ubana yake jingine sanda, ni da shi a tabarma ɗaya muka yi barci muna yara, shi ya koya mini Fulatancin da nake taƙama da shi. Tsagar kunnen garkensu na san ta kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Da bijimin nan a gabana yake, ko da ido ɗaya na kalle shi zan gane. Amma a waya ban ga kunne ba, kuma ban tambaya ba, don a kaina yabo kawai nake yi, ban karɓi igiyar kowa ba.

Habou ya sha tambayoyi a wurin hukuma kafin a sake shi, ƙirgin yana hannun sarkin pawansu, masu sayen namansa suna ta ƙananan maganganu. Ya kira ni ya ce shi bai sayi bidiyo ba, muryata ya saya, kuma a Gidan Alhaji Muntari ya ga dabbar. Na fara yi masa bayanin igiya, ya ce shi ma ɗan kara ne, ya san igiya, amma in nuna masa inda ake riƙe ta a cikin waya. 

Djibrilla kuwa da kansa ya zo har Zongo. Ya yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, ya tambayi kowa da sunansa. Ya zauna a zaure, amma sandarsa tana kan cinyarsa, bai jingine ta ba. Ya ciro wayarsa ya kunna mini muryata, muka saurara tare har ta ƙare. Bai zage ni ba, bai nemi in biya ba. Ya ce kawai uwar bijimin ta mutu tun yana ɗan maraƙi, da hannunsa ya shayar da shi. Lubabatu ta kawo fura, ya ce yana azumi, alhali ranar ba Litinin ba ce ba kuma Alhamis ba. Ya yi sallama ya tafi, na ji daga baya a masallacin tasha ya kwana. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga inda na maƙale. Lubabatu ta ce in rufe guruf ɗin, in je Djougou wurin wanta Tahirou mai motocin haya, ya ba ni aikin kula da lodi. Tana da gaskiya, ta gaji. Amma in na rufe, mutanen daji fa? Akwai tsofaffin da suka ce mini kafin vokal ɗina, duk abin da mai mota ya faɗa musu a bakin ruga shi ne farashi. Lokacin da ciwon baki da kofato ya ɓullo, ta nan labari ya kai wa da yawa suka kauce. Kuma na tabbata ina rufewa yau, gobe wani zai buɗe da sunan mahaifina da tsofaffin muryoyina, ya yi abin da ya ga dama, ni ban ma gani ba. In kuma na ci gaba, ina ciyar da abin da ke kashe sana'ata, kuma duk ɓarawon da ya saka bidiyo a ƙarƙashin sunan ubana yake sakawa. Ko vokal ɗin kasuwa yanzu in zan yi, sai na goge na sake, ina tsoron kowace kalma.

Talauci ba ya ba ni tsoro kamar yadda nake tsoron a ce a gidan Alhaji Muntari aka sayar da dabbar sata, kuma ta aminin gidan. Ta yaya zan wanke sunan nan, in dawo da Djibrilla? Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naki,
Wani dillali, Zongon Parakou

Wa alaikumus salam, Malam.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na tausaya maka. Tunda gaskiya ka nema, ga ta: kai ba ɓarawo ba ne, ba ka kuma ci amana ba, amma hannunka bai fita sarai ba. A kara, in ka yabi saniya, mai saye yana ganin fuskarka, yana ganin dabbar, yabon ya bi iska. A waya maganar tana zama, ana ɗaukarta a kai inda ba ka je ba, a kunna wa wanda bai ga murmushinka ba. Shekaru ka yi kana koya wa mutanen nan cewa abin da muryarka ta faɗa gaskiya ne, farashi, hanya, allura. Don haka kada ka ji haushin Habou. Ya yi sakaci da ya sayi dabba daga lambar da bai sani ba bai kira ka ba, wannan nasa ne. Amma yardar da ya yi da muryarka, kai ka gina ta.

Ka fara da Djibrilla, kuma kada ka kuskura ka aika masa vokal. Ka hau mota ka je Bariénou, ka shiga rugarsu da ƙafarka, a gaban manyansa. Kada ka je da bayanin igiya, ya fi ka saninta. Ka ce ka yabi abin da ba ka duba ba, ka yi kuskure, ka zo neman afuwa. Mutumin da ya taso daga daji har Zongo don ya kunna maka muryarka bai yanke zumunci ba tukuna. Da ya yanke, da bai zo ba. Ya zo ne ya ga ko abin ya dame ka, kai kuma kunya ta rufe maka baki.

Bayan haka ka nemi a zauna, kai da shi da Habou, gaban sarkin pawan Djougou da manyan Fulani da wani malami da kowa ya yarda da shi. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke maka wanda zai ɗauki asarar ba. Abin da zan ce shi ne ka riga kowa cewa za ka ɗauki kason da aka ɗora maka, ko da a hankali za ka sauke. Ka kuma kai wa hukuma lambar nan da bidiyon da duk abin da ke wayarka, don wanda ya yi sau ɗaya ya ga ta yi kyau zai sake.

Batun guruf kuwa, ban goyi bayan rufewa ba, ban kuma goyi bayan ka ci gaba a haka ba. Lubabatu tana da haƙƙi a kanka fiye da mutumin Cotonou da ba ka taɓa gani ba, kuma sadakar da ake yi da gumin mace ba da son ranta ba, a sake duba ta. Su ma mutanen daji da kake tausayi, tausayin yana kan hanya. Ana iya riƙe duka biyun in ka rage kaya.

Ka cire sunan mahaifinka daga kan guruf ɗin. Gidan Alhaji Muntari yana da ƙofa, yana da mai gida da ke sanin wanda ya shiga. Wurin da kowa ke faɗowa da lambar da ba a sani ba kasuwa ce, sai a kira shi kasuwa. Ka jawo mutum biyu ko uku cikin dillalan nan masu fushi da kai, da wani daga mahauta, da wani daga Fulani, ku raba kula da shi, ku raba kuɗin forfe. Fushinsu zai ragu in suna ciki. Sannan ka yi vokal ɗaya da Hausa da Fulatanci da Dendi, ka riƙa maimaita shi kowace ranar kasuwa har a gaji da ji: labarin farashi kyauta ne, amma ba ka tsaya wa kowace dabba ba sai wadda aka gan ka a bidiyo riƙe da igiyarta, kana nuna kunnenta, kana kiran sunan mai ita. Daga yau kuma bakinka ya yi azumin yabon abin da hannunka bai taɓa ba.

Ka lura da abin da wannan masifa ta nuna wa kowa. Farashi ya riga ya zama na banza, ko ka yi shiru wani zai faɗa, kada ka ɓata ranka wajen neman a biya ka shi. Abin da ba a iya turawa ta waya shi ne mutum ya je ruga, ya buɗe bakin bijimi, ya san garken da ya fito, ya ce in an samu matsala a kama ni. Yau duk mahaucin da ya ji labarin Habou yana neman mai yi masa wannan. Shi za ka sayar, a yi maganar la'ada da kuɗin hanya tun kafin ka tashi, ba tare da jin kunya ba. Wanda ya ce kana sayar da sadaka, ka ce masa sadakar tana nan ranar kasuwa, wannan kuwa sana'ar ubanka ce.

Ba zan yi maka alkawarin zaurenku zai sake cika kamar da ba. Zamanin ya wuce, kuma yawancin shanu za su ci gaba da tafiya ba su bi ta hannunka ba. Wataƙila abin da zai shigo ya riƙe gida, wataƙila sai ka haɗa da wani abu. Saboda haka kada ka rufe ƙofar Tahirou. Ka zauna da Lubabatu ku sa wa abin lokaci, in an kai bai tsaya da ƙafarsa ba, ka karɓi aikin lodin da hannu biyu, ba abin kunya ba ne. Ka kuma gode mata da baki, ta daɗe tana ɗauke da kai.

Shi kuwa Djibrilla, kada ka matsa masa. Bijimin da mutum ya shayar da hannunsa ba a manta shi don an biya. Ka je, ka sake zuwa, ka riƙa share kusurwar nan ta zaure ko da ba kowa. Ran da ya shigo ya jingine sandarsa, kada ka ce komai, kada ka yi godiya, ka leƙa cikin gida kawai ka ce a kawo fura.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya huci zuciyar amininka, ya sa wa sana'arka albarka. A gaida Lubabatu.

Hajiya Tasalla